Jan Ƙarfe a Ƙwaƙwalwar Tumaki: Darasi Daga Wani Tsibiri na Sikotilan

A can ƙuryar arewacin ƙasar Sikotilan, cikin rukunin tsibiran da ake kira Okni, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Ronalse ta Arewa. A shekarar 1832 mutanen wannan tsibiri suka kewaye shi da katangar duwatsu, mai tsawon kimanin kilomita 20 da tsayin kusan mita biyu. Manufarsu ita ce su keɓe gonaki da makiyaya domin shuka da shanu, su bar tumaki a waje, tsakanin katanga da teku. Tun daga wannan lokaci abincin waɗannan tumaki ya koma ciyawar teku, wadda suke bi suna ci idan ruwa ya janye, su kwanta su yi tuƙa idan ya dawo. Tumaki masu haihuwa kaɗai ake shigarwa cikin katanga na 'yan watanni.

Abin mamakin ya bayyana ne a shekarun 1970, sa'ad da aka kwashi wasu daga cikinsu aka kai su makiyaya masu ɗanyar ciyawa a wasu sassan Birtaniya. Maimakon su yi ƙiba, sai da yawa suka mutu. Da likitocin dabbobi suka feɗe su, sai suka tarar hantarsu cike da jan ƙarfe, alhali kuwa sauran tumakin da ke kiwo a irin wannan ciyawa lafiyarsu ƙalau. Daga baya bincike ya nuna cewa abin bai tsaya ga hanta ba, har ƙwaƙwalwa ya shafa. Wannan maƙala za ta bi sawun jan ƙarfe tun daga bakin tunkiya har zuwa ƙwaƙwalwarta, domin a ga irin tsaron da ke wurin, da kuma yadda tsaron yake karyewa.

Amfanin jan ƙarfe ga jiki

Jan ƙarfe, wanda wasu ke kira jan gaci, shi ne ƙarfen da ke cikin wayar lantarki. A jadawalin sinadarai lambarsa 29, alamarsa kuwa Cu. A shekarar 1928 masana a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka tabbatar da cewa ɓeraye masu ƙarancin jini ba sa warkewa da sinadarin ayon shi kaɗai, sai an haɗa musu da ɗan jan ƙarfe. Daga nan aka san cewa yana cikin abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Sai dai abin da ake bukata ɗan mitsitsi ne. Duk jan ƙarfen da ke jikin baligin mutum bai wuce kimanin miligiram 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na giram guda.

Aikinsa yana cikin wasu furotin masu gaggauta ayyukan sinadarai a jiki, waɗanda ake kira inzayim. Ɗaya daga cikinsu shi ne ke kammala ƙona abinci da iskar oksijin domin samar da kuzari a cikin kowace ƙwayar halitta. Wani kuma yana kawar da gurɓatattun sinadaran da wannan ƙonawa ke haifarwa. Wani yana harhaɗa sinadarin noradirenalin, wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Wani kuwa shi ke ba gashi da fata launi. Idan aka tuna cewa ƙwaƙwalwar mutum kashi 2 ce kacal cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da yake shaƙa, za a gane dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ke cikin gaɓoɓin da suka fi bukatar wannan ƙarfe.

Tumaki ne suka fara nuna wa duniya abin da rashinsa ke yi wa ƙwaƙwalwa. A shekarar 1937, a Yammacin Ostareliya, Bennetts da Chapman suka gano cewa wata cuta da ke sa 'ya'yan tumaki tangaɗi da shanyewar ƙafafun baya ta samo asali ne daga ƙarancin jan ƙarfe a jikin uwa lokacin da take da ciki. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suna da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, tamkar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Idan jan ƙarfe ya yi ƙaranci a ƙarshen goyon ciki, rufin ba ya ginuwa daidai, kuma idan ɓarnar ta riga ta auku, ba da magani daga baya ba ya gyara ta.

Zuma da zaƙi da harbi

Halin da ya sa jan ƙarfe yake da amfani shi ne kuma ya sa yake da haɗari. Yana da saurin karɓar ilektiron da saurin bayar da shi. Muddin yana riƙe a cikin inzayim, wannan hali alheri ne. Amma idan ya sami kansa a sake, sai ya haɗu da wani sinadari da jiki ke samarwa kullum, mai suna haidirojin ferokzayid, su haifar da wasu ɓaraguzan sinadarai masu tsananin ɓarna. Waɗannan su ke afka wa maiƙon da aka gina bangon ƙwayoyin halitta da shi, su lalata furotin, har su taɓa ƙwayoyin gado. Ƙwaƙwalwa kuwa cike take da maiƙo, ga yawan oksijin, ga shi kuma yawancin ƙwayoyin jijiyarta idan sun mutu ba a mayar da gurbinsu.

Saboda haka jiki ba ya barin jan ƙarfe ya yi yawo shi kaɗai. Akwai ƙofa ta musamman da yake shiga ƙwayar halitta ta cikinta, wato wani furotin da ake kira CTR1. Da zarar ya shiga, wasu ƙananan furotin 'yan rakiya za su karɓe shi hannu da hannu su kai shi inda ake bukatarsa. Akwai kuma famfuna biyu masu fitar da shi, ATP7A da ATP7B. Wani bincike da aka buga a 1999 a kan ƙwayoyin yis ya ƙiyasta cewa sakakken jan ƙarfe a cikin ƙwayar halitta guda bai kai ko ƙwayar zarra ɗaya ba. Iyakar tsananin tsaron ke nan.

Daga tumbi zuwa hanta

Kafin jan ƙarfe ya kai ga ƙwaƙwalwar tunkiya, sai ya wuce mashiga biyu. Ta farko ita ce tumbi. A nan ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa suna mayar da farar wutar da ke cikin abinci zuwa salfayid, shi kuma ya haɗu da wani ƙarfe mai suna molibdinam, su zama wani sinadari da ke damƙe jan ƙarfe ya hana hanji tsotsarsa. Dick da Bull ne suka lura da tasirin molibdinam a Ostareliya a 1945. Wannan ya sa babbar tunkiya ba ta tsotsar ko kashi 10 cikin 100 na jan ƙarfen da ta ci, amma ɗan da ke shan nono, wanda tumbinsa bai soma aiki ba, yana iya tsotsar kashi 70 ko fiye. Darasin da ke nan shi ne, ba yawan jan ƙarfen da ke cikin abinci kaɗai ake dubawa ba, har da yawan molibdinam da farar wutar da ke tare da shi.

Mashiga ta biyu ita ce hanta, wadda ita ce rumbun ajiya. A yawancin dabbobi, idan jan ƙarfe ya yi yawa, hanta takan zubar da rarar cikin ruwan madaciya ya fita tare da kashi. To, a nan raunin tunkiya yake, domin hantarta ba ta iya ƙara yawan abin da take zubarwa daidai da ƙaruwar abin da ke shigowa. Sai ta yi ta tarawa. Tunkiya na bukatar kimanin miligiram 5 zuwa 10 a kowane kilogiram na busasshen abinci, amma miligiram 25 na iya kashe ta idan ta daɗe tana ci, wani lokaci ma ƙasa da haka idan molibdinam ya yi ƙaranci. Alade kuwa an sha ba shi miligiram 125 zuwa 250 domin ya yi saurin girma, kuma ya kwashe lafiya. Ko a cikin tumaki akwai bambanci: irin da ake kira Tekzel ya fi saurin kamuwa, irin Sikotilan mai baƙar fuska kuwa ya fi juriya.

Tarawar takan ɗauki makonni ko watanni ba tare da wata alama ba. Tunkiya tana ci, tana tuƙa, tana ƙiba. A lafiyayyar hanta ana samun miligiram 100 zuwa 500 a kowane kilogiram idan an busar da ita, amma a wadda ta cika yakan haura 1,000. Rana ɗaya sai wata wahala ta auko, kamar doguwar tafiya a mota, ko yunwa, ko sauyin yanayi, ko haihuwa. Ƙwayoyin hanta su mutu da yawa a lokaci guda, jan ƙarfen da ke cikinsu ya kwarara cikin jini, ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Nan da nan idanu da dasashi su yi rawaya irin ta shawara, fitsari ya yi ja har ya doshi baƙi, ƙoda ta toshe ta yi duhu. Yawancin dabbobin da suka kai wannan mataki sukan mutu cikin 'yan kwanaki.

Katangar ƙwaƙwalwa

Tambayar ita ce: a wannan lokaci da jini ya cika da guba, me ke faruwa a cikin kai?

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya ɗura wa dabbobi rini a jijiyar jini, sai ya ga gaɓoɓin jiki sun rinu, ban da ƙwaƙwalwa da laka. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Ashe akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Sai a 1967, da taimakon madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, Reese da Karnovsky suka nuna inda shingen yake. Siraran hanyoyin jini na sauran jiki suna da 'yan kafofi tsakanin ƙwayoyin bangonsu, kamar zana. Na ƙwaƙwalwa kuwa an liƙe ƙwayoyin da juna gam, kamar ginin da aka yaɓe. Duk abin da zai shiga, in ba irin su oksijin da abubuwan da ke narkewa cikin maiƙo ba, dole ya bi ta ƙofar da aka tanadar masa.

Jan ƙarfe yana shiga ne ta ƙofar CTR1 da ke bangon hanyar jinin, famfon ATP7A kuma ya tura shi ciki. Tun da yawan ƙofofin ƙayyadadde ne, yawan abin da ke shiga ma ƙayyadadde ne, kome cunkoson da ke waje. Wannan shi ne tsaro na farko.

Tsaro na biyu yana cikin kogunan ƙwaƙwalwa, inda akwai wani tantani mai yawan hanyoyin jini da ake kira koroyid. Shi ne ke samar da ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke ciki. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa wannan tantani yana tsotse rarar jan ƙarfe daga cikin ruwan ya mayar da shi wajen jini. Wato ƙofa ɗaya ta shiga ce, ɗaya kuma ta fi aiki wajen fitarwa.

Tsaro na uku shi ne wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, waɗanda ake kira astirosayit. Suna da rassa da yawa: wasu sun dafe bangon hanyoyin jini, wasu kuma sun rungumi ƙwayoyin jijiya. Don haka abin da ya tsallako shinge yakan fara cin karo da su. Idan jan ƙarfe ya ƙaru, sai su ƙara samar da wani ɗan ƙaramin furotin mai suna metalotayonin, wanda Margoshes da Vallee suka fara tsamowa daga ƙodar doki a 1957. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tubalan wannan furotin suna ɗauke da farar wuta, kuma da ita yake kama ƙarfe. Ƙwaya guda tana iya riƙe ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe har 12. Abin da aka ɗaure ta wannan hanya ba ya ɓarna, kuma ana iya sako shi kaɗan-kaɗan ga ƙwayoyin jijiya idan sun bukata. Ashe astirosayit ma'aji ne kuma mai gadi.

Abin da aka gani a tumakin gama-gari

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, masu bincike a Birtaniya sun duba ƙwaƙwalwar tumakin da gubar jan ƙarfe ta kashe. Sun ga farin sashen ƙwaƙwalwa ya yi 'yan ramuka kamar soso. Mai karatu zai zaci jan ƙarfe ne ya shiga ya yi wannan aika-aika, amma da aka auna, sai aka tarar yawansa a ƙwaƙwalwa bai tashi yadda ya tashi a hanta da ƙoda ba. Katanga ta riƙe.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, laifin na hanta ne. Cikin ayyukanta akwai mayar da sinadarin amoniya, wanda ke fitowa daga tumbi da hanji, zuwa yuriya da ke fita cikin fitsari. Idan hanta ta lalace, amoniya ya taru a jini, shi kuwa yana ratsa shingen ƙwaƙwalwa. Astirosayit ne ke karɓarsa su juya shi zuwa wani sinadari mai suna gulutamin, wanda idan ya yi yawa yakan jawo ruwa cikinsu su kumbura. Daga nan sai a ga tunkiya ta yi sanyi, tana dafe kai da bango, tana tafiya ba ta san inda take nufa ba. Wato a tumakin gama-gari jan ƙarfe yana cutar da ƙwaƙwalwa ne ta bayan gida: ya rushe hanta, rushewar hanta kuma ta taɓa kai.

Abin da aka gani a tumakin tsibiri

Labarin tumakin Ronalse ta Arewa daban ne. Jan ƙarfen da jiki ke iya samu daga ciyawar teku kaɗan ne ƙwarai. A tsawon zuriya bayan zuriya, waɗanda suka fi iya tsotsar ɗan abin da ke akwai su ne suka rayu suka hayayyafa, har wannan hali ya zama gado. Wannan misali ne na zaɓin yanayi da ɗalibai ke karantawa a darasin juyin halitta. Amma baiwar da ta cece su a bakin teku ita ce ajalinsu a ɗanyar makiyaya, domin hanjinsu yana ci gaba da tsotsa kamar ana fari.

Susan Haywood da abokan aikinta a Jami'ar Libaful sun daɗe suna nazarin waɗannan tumaki. A rahoton da suka buga a 2008 sun nuna cewa a manyan tumakin wannan iri, jan ƙarfe yana ƙaruwa a hanta da ƙwaƙwalwa tare, wato gwargwadon yawansa a hanta, gwargwadon yawansa a kai. Sun kuma ga astirosayit ɗauke da jan ƙarfe da metalotayonin mai yawa, alamar cewa masu gadin suna ta fama da abin da ke shigowa. A 2014 kuma aka ba da rahoton cewa ƙofar CTR1 ta fi yawa a shingen ƙwaƙwalwar waɗannan tumaki fiye da na sauran tumaki. Katangar ba fashewa ta yi ba, ƙofofinta ne suka yi yawa. A inda jan ƙarfe ke da wuya, yawan ƙofa shi ne ke kare ɗan tunkiya daga ciwon tangaɗi. A inda yake da yawa kuwa, nauyin duka ya koma kan astirosayit, kuma kowane rumbu yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Alaƙa da lafiyar ɗan Adam

Akwai cututtukan gado biyu a jikin mutum da suka yi daidai da fuskoki biyun wannan labari. A 1912 likita Kinnier Wilson ya bayyana wata cuta da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa tare, har ta kawo karkarwa da sarƙewar magana. Daga baya aka gane taruwar jan ƙarfe ce, kuma a 1993 aka gano cewa famfon ATP7B ne ke da naƙasa, don haka hanta ba ta iya zubar da rara. A 1962 kuma John Menkes ya bayyana wata cutar jarirai maza mai lalata ƙwaƙwalwa, wadda alamarta ita ce murɗaɗɗen gashi mai karyewa. A 1972 David Danks na Ostareliya ya lura da kamannin gashin da ulun tumakin da ba su samun isasshen jan ƙarfe, ya auna jinin jariran, ya tarar kuwa ƙarancinsa ne. Naƙasar tana famfon ATP7A.

Haka nan sinadarin nan na molibdinam da farar wuta, wanda aka fara sani a tumbin tunkiya, an sarrafa shi ya zama maganin gubar jan ƙarfe a tumaki, an kuma gwada shi a kan masu cutar Wilson. Sai dai binciken da aka yi a Libaful ya nuna cewa a tumakin da aka yi wa magani da shi, molibdinam yana taruwa a ƙwaƙwalwa da wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashinta mai suna fituwitari, wadda ke sarrafa haihuwa da girma. Saboda haka magani ne da ba a ba da shi sai a hannun likita.

Abin lura ga masu kiwo

Ko da yake tsibirin na da nisa, raunin hantar tunkiya ɗaya ne a ko'ina. Mai turke rago domin layya, wanda ke ɗokin ganin ya yi ƙiba da wuri, shi ya fi kusa da wannan haɗari. Abincin kaji na kamfani, da kashin kajin da aka ciyar da shi, da gishirin lasa da aka haɗa domin shanu, duk suna iya ƙunsar jan ƙarfen da ya fi ƙarfin tunkiya. Haka kuma shuɗin sinadarin nan na jan ƙarfe da ake wanke kofato da shi ko ake kashe dodon koɗi a ruwa, bai kamata dabba ta sha shi ba. Tun da ciwon ba ya nuna kansa sai hanta ta cika, ragon da aka yi watanni ana ba shi irin wannan abinci yana iya faɗuwa a ranar da aka ɗora shi a mota zuwa kasuwa, mai shi ya zaci sammu ne ko cizon maciji. Idan aka ga rawaya a ido tare da jan fitsari, a gaggauta kiran likitan dabbobi, domin akwai wasu cututtuka masu irin wannan alama, kuma sauran garken da suka ci abinci ɗaya suna cikin haɗari. Rigakafi dai ya fi magani.

Kammalawa

Ƙwaƙwalwar tunkiya tana fuskantar jan ƙarfe da matakai uku: tana ƙayyade shigarsa a bangon hanyoyin jini, tana kwashe rararsa ta tantanin koroyid, sa'an nan tana ɗaure abin da ya rage a cikin astirosayit. A yawancin tumaki wannan tsari yana riƙewa har sai hanta ta gaza. A tumakin Ronalse ta Arewa kuwa, gado ya faɗaɗa ƙofar domin wata rayuwa ta daban. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya riƙe wata babbar ƙa'ida ta ilimin halittu, wato ba a cewa abu guba ne ko abinci ne sai an san yawansa, da jikin da ya shiga, da kuma wurin da jikin ya saba da shi.